Zuba siminti a ƙashin bayan da ciwon daji ya karya: wa yake yi wa amfani?

Tambaya: "Assalamu alaikum likita. Mahaifiyarmu tana da shekara 58, shekara uku ke nan tana fama da ciwon daji na mama. Wata biyu da suka wuce bayanta ya fara ciwo. Yanzu ko tashi zaune ba ta iyawa sai an tallafe ta tana hawaye, amma idan ta kwanta lamo ciwon yakan lafa. An yi hoto, an ce ciwon ya kai ga ƙashin baya, gaɓa ɗaya ta karye. Likitanta ya ce akwai aikin da ake zuba siminti a cikin ƙashin ba tare da an tsaga ta ba. Mu dai abin ya ɗaure mana kai. Da gaske ne? Zai warkar da ita? Babu haɗari?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma masu jinya Allah ya ba ku ladan ɗawainiya.

Da gaske ne, aikin yana nan, kuma yadda kika siffanta ciwon nata ya yi kama da irin wanda aka fi samun dacewa a kansa. Amma kafin mu kai ga siminti, ina so ki ajiye wayar nan ki je ki duba ƙafafunta. Ki ce ta ɗaga kowace ƙafa daga kan katifa, ta motsa yatsunta. Ki shafa mata sangali da cinya, ki tambaye ta ko tana ji daidai a ɓangarorin biyu. Ki tambaye ta ko fitsari yana fita yadda ta saba, ko yana riƙewa, ko yana zubowa ba ta sani ba, haka ma bayan gida. Ki tambaya ko tana jin kamar an ɗaure ta da igiya a ƙirji ko a ciki. Idan ko ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, to laka ce ake dannewa, kuma wannan ba maganar jiran ranar ganin likita ba ce. A kai ta asibiti yau, a kwance, ba a zaune a bayan mota ba. A irin wannan hali ana so a yi hoton MRI na dukan gadon baya cikin awa 24, a fara ba ta maganin rage kumburi mai suna dekzametason, sannan a yanke shawarar tiyata ko gashi, wato ƙona ƙarin dajin da wani haske mai ƙarfi, cikin gaggawa. Abin da ya fi nuna ko mutum zai ci gaba da tafiya shi ne ko yana iya takawa a lokacin da aka fara yi masa magani. Wanda aka kawo da ƙafafunsa yakan koma da su. Wanda ya kwana biyu ƙafafu a mace, da wuya su dawo. Siminti ba ya buɗe wa laka hanya, don haka ba shi ne maganin wannan ba.

Idan ƙafafu lafiya lau, alhamdu lillahi, mu ci gaba.

Gadon baya gaɓoɓi ne a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sai waɗanda suka haɗe a ƙasa. Gaban kowace gaɓa dunƙulen ƙashi ne mai ɗaukar nauyin jiki, bayanta kuma akwai rami da laka ke ratsawa. Cikin dunƙulen nan ɓargo ne mai yawan jini, shi ya sa ƙwayoyin ciwon daji da ke yawo a jini suke samun masauki a can. Tun a 1940 wani masanin sassan jiki a Amurka, Oscar Batson, ya nuna cewa akwai jijiyoyin jini a kewayen gadon baya da ba su da marfin da ke hana jini komawa baya, ta yadda jini daga ƙirji ko mara kan iya bi ta nan kai tsaye. Ciwon dajin mama, na huhu, na ƙoda, na furosteti da mutane ke kira na mafitsarar maza, da na ɓargo da ake kira mayaloma, su ne suka fi kaiwa ƙashi. Kuma gaɓoɓin daidai ƙirji su ne suka fi kamuwa.

Ki tuna yadda gara ke yi wa azarar soro. Daga waje kina ganin ice lafiyayye, ciki kuwa ta gama rarake shi. Ran da aka yi ruwa mai nauyi, ko yaro ya taka saman ɗaki, sai ya burma. Haka wannan karaya take. Ba sai mutum ya faɗi ba. Atishawa, ɗaukar bokiti, ko juyi a kan gado ya isa. Kuma ba karaya ba ce irin ta hannu da ƙashi ke rabewa biyu, gaɓar ce take lotsewa ta zauna a kanta.

Abin da nake so ki riƙe daga duk amsar nan shi ne wannan: ciwon baya a jikin mai ciwon daji ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da maganinsa. Akwai ciwon da ƙarin da kansa ke kawowa. Shi wannan yana cizo ne a hankali, ya fi tsananta da dare ko da asuba, kwanciya ba ta rage shi, wani lokaci ma sai mutum ya tashi ya ɗan zagaya yake samun sauƙi. Maganinsa gashi ne da magungunan da ke rage ƙarin. Akwai ciwon jijiya, mai kama da jan wutar lantarki, yana sauka ƙafa ko ya zagaye haƙarƙari. Sai kuma ciwon ginin da ya tsage: mutum yana kwance lafiya, da ya yunƙura zai tashi sai ya ji kamar an soka masa wuƙa, domin ɓallin ƙashin suna gugar juna a duk motsi. Wannan na ukun shi ne na Hajiya bisa bayaninki, kuma shi ne wanda morfin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ba ya iya masa sosai. Adadin maganin da zai kashe zafin lokacin tashi ya yi wa mutumin da ke kwance yawa, sai ya wuni yana barci da jiri da taurin bayan gida, da ya motsa kuma ciwon na nan. Gashi ma ba ya ɗinke tsaga nan take. Abin da ƙashin ke nema shi ne a tokare shi. Wannan shi ne aikin siminti, kuma iyakarsa ke nan.

Saboda haka amsar tambayarki ta biyu, ko zai warkar da ita: a'a, ba zai warkar da ciwon daji ba. Tokara ce aka yi wa azara, garar tana nan, kuma dole a ci gaba da yaƙarta da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, ko ƙwayoyin da ke toshe sinadarin jikin mace da ƙarin mama ke ci da shi, ko gashi. Na fi son ku ji wannan tun yanzu, don kada Hajiya ta miƙe ta taka bayan aiki ku ɗauka an gama, a daina zuwa asibiti.

Simintin ba na gini ba ne. Wani nau'in roba ne mai ƙwari da likitocin ƙashi suka daɗe suna amfani da shi. John Charnley na Ingila ya riƙa liƙa ƙugun roba da ƙarfe da shi tun wajajen 1960. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa, ya yi kauri kamar man goge baki, cikin mintoci kaɗan ya ɗauki zafi ya daskare. Waɗanda suka fara tura shi cikin gaɓar baya ta allura likitoci biyu ne a garin Amiens na Faransa, Pierre Galibert da Hervé Deramond, a 1984, ga wata mata da ƙarin jijiyoyin jini ya cinye mata gaɓa ta biyu a wuya. Sun wallafa sakamakonsu a 1987. Sunan aikin a bakin likitoci batiburofilasti. Daga baya wani likitan ƙashi a Kalifoniya, Mark Reiley, ya ƙara dabarar balan-balan, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1998. Ita ce kaifofilasti.

Ga yadda ranar aiki take. Hajiya za ta kwanta rub da ciki a kan gadon da ke ƙarƙashin na'urar hoto mai nuna ƙashi kai tsaye a allo. Yawanci allurar kashe zafi ake yi a wurin, a haɗa da maganin da zai sa ta ɗan gyangyaɗi, ko da yake wanda ba zai iya jure kwanciyar ba akan sa shi barci gaba ɗaya. Likita zai ɗan tsaga fata, tsagar da ba ta kai faɗin farce ba, ya tura allura mai kauri ta cikin wata siririyar gadar ƙashi da ke gefen ramin laka, har ta shiga dunƙulen gaɓar. Duk taku yana kallon allo. Idan da balan-balan ne, sai a zura shi a hura, ya buɗe ɗan kogo a ciki, wani lokaci ya ɗan ɗaga gaɓar da ta lotse, a sace iskar a zare shi, a cika kogon. Simintin da ake zubawa kaɗan ne, sau da yawa bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. An gauraya shi da sinadarin da ke fitowa a hoto, don likita ya ga inda yake bi, ya tsaya da zarar ya nufi inda ba a so. Gaɓa ɗaya takan ɗauki ƙasa da awa guda. Bayan nan ta kwanta rigingine na awa ɗaya ko biyu, sannan a tashe ta. Da yawa ana sallamarsu a ranar ko washegari, kuma idan aikin ya karɓa, akan ga bambanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

To mene ne hujja? A 2011 mujallar likitocin ciwon daji ta Lancet ta wallafa wani bincike da aka yi a cibiyoyi 22 a Turai da Amurka da Kanada da Ostareliya, a kan mutum 134 masu ciwon daji da karayar gaɓa ɗaya zuwa uku. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu aikin balan-balan, wasu aka bar su a kan magani da hutu da ɗamarar baya. An auna su da tambayoyi 24 na harkar yau da kullum, irin su sa tufafi da tashi daga kujera, inda yawan maki ke nuna yawan naƙasa. Bayan wata guda, waɗanda aka yi wa aiki sun sauko daga maki 17.6 zuwa 9.1. Sauran kuwa daga 18.2 suka tsaya a 18.0. Da aka ba su zaɓi bayan watan, fiye da rabinsu suka nemi a yi musu aikin su ma. Adalci ne in gaya miki raunin binciken: kamfanin da ke ƙera kayan aikin ne ya ɗauki nauyinsa, kuma kowane majiyyaci ya san abin da aka yi masa, wanda hakan kan shafi yadda mutum ke jin ciwo. Haka kuma a 2009 an wallafa bincike biyu a kan tsofaffi masu zaizayewar ƙashi ta tsufa, ba ciwon daji ba, inda aka yi wa wasu aikin gaske wasu kuma aka kwaikwaya kawai, ba a ga wani bambanci ba. Wani na 2016 daga Ostareliya, da ya zaɓi sababbin karaya masu tsananin ciwo da ba su wuce mako shida ba, ya ga amfani. Ni abin da na fahimta daga wannan saɓani shi ne komai ya rataya ne a kan zaɓen wanda za a yi wa. Siminti a gaɓar da ba ita ke ciwo ba asarar kuɗi ne da ɗaukar haɗari a banza.

Shi ya sa likitan kirki ba ya wadatuwa da hoto. Zai bi tsakiyar bayanta da yatsa yana ɗan bubbugawa gaɓa-gaɓa, ya ga ko inda ta zabura ya dace da gaɓar da MRI ya nuna tana da sabuwar karaya. Akwai kuma ma'aunin da ƙungiyar likitocin ƙarin gadon baya ta fitar a 2010, ana kiransa SINS, mai duba abu shida: wurin da gaɓar take, irin ciwon, ko ƙashin ya rarake ne ko ya taurare, ko bayan ya karkace, yawan lotsewar, da ko ciwon ya ci sassan bayan gaɓar. Maki daga 0 zuwa 18 ne. Daga 0 zuwa 6 ginin yana tsaye. Daga 13 zuwa sama ya girgiɗe, siminti shi kaɗai ba zai riƙe shi ba. Masu 7 zuwa 12 su ne ake zama a kansu da likitan tiyata, kuma a cikinsu ake samun mafi yawan waɗanda siminti ke yi wa rana. Ki tambayi likitanta makin Hajiya nawa ne. Tambaya ce da zai ji daɗin amsawa.

Haɗari akwai shi. Babbansa shi ne yoyon siminti. Ƙashin da ƙari ya ci yana da ƙofofi, don haka yoyo ya fi yawa a nan fiye da a karayar tsufa. Mafi yawan yoyon ƙanana ne, a hoto kawai ake ganinsu, majiyyaci bai ma san an yi ba. Amma idan ya bi ta baya ya shiga ramin laka, zai iya danne jijiya ko lakar kanta, har a buƙaci tiyatar gaggawa. Idan ya shiga jijiyar jini zai iya kaiwa huhu. Waɗannan ba su cika faruwa ba, amma suna faruwa, kuma dole a faɗa muku kafin ku sa hannu. Idan bangon bayan gaɓar ya riga ya fashe, haɗarin ya ƙaru, kuma a nan ne wasu likitoci suka fi son balan-balan, domin kogon da ya buɗe yana ba da damar zuba siminti mai kauri a hankali. Ba a yin aikin ga mai zazzaɓin da ƙwayar cuta ta shiga jini, ko mai ƙurji a wurin da allura za ta bi, ko wanda jininsa ba ya daskarewa, abin da kemo kan jawo idan ya rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Gaɓar da ta lotse ta zama kamar faifai ba ta da wurin karɓar siminti. Wadda ta taurare kamar dutse, irin yadda ciwon furosteti ke yawan yi, ita ma ba ta karɓa da sauƙi.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu a nan ƙasashenmu fiye da Turai, kuma ina roƙon kada a tsallake shi: tarin fuka na ƙashin baya. Tibi yana cin gaɓar baya ya lotsar da ita har ya fito da ƙusumbi, kuma a hoto yakan yi kama da ciwon daji. Kasancewar Hajiya tana da ciwon mama bai hana ta kamuwa da tibi ba, kemo ma yana raunana garkuwar jiki. Zuba siminti a ƙashin da ke ɗauke da ƙwayar cuta babban kuskure ne, alhali tibi ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyin sha. Idan akwai ɗan shakku, musamman idan gaɓa ɗaya ce tak, ko akwai zazzaɓin dare da gumi, a fara ɗebo ɗan yanki ta allura a kai ɗakin gwaji, a jira sakamako.

Game da gashi, ki lura kada a rikita shi da gashin ƙashi da ake yi a sashen motsa jiki. Wanda nake nufi shi ne haska ƙarin da wani haske mai ƙarfi don a ƙona shi. Shi da siminti abokan aiki ne, ɗaya ba ya hana ɗaya. Kusan mutum shida cikin goma suna samun sauƙin ciwon ƙashi da gashi, amma yakan ɗauki makonni kafin ya nuna, ƙashin kuma sai bayan watanni yake ƙarfi. Ga masu zuwa daga nesa, zuwa Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ko Yamai inda aka buɗe sashen gashi a 2021, ga abin da ya kamata ku sani: bincike da yawa sun nuna cewa zama ɗaya mai ƙarfi yana rage ciwo daidai da zama goma a ƙashin da ba shi da wata matsala ta daban, sai dai an fi buƙatar maimaitawa daga baya. Ga iyalin da ke lissafin kuɗin mota da masauki, wannan abin tattaunawa ne da likita.

A wasu cibiyoyi, kafin a zuba siminti akan zura wani tsinke ta cikin allurar, ya ɗauki zafi ya ƙone ƙarin da ke cikin gaɓar, ko kuma ya daskarar da shi da tsananin sanyi. Yana taimakawa musamman ga wanda aka riga aka yi wa gashi ciwon ya dawo. Idan kuma ginin ya girgiɗe, akan ɗaura kusoshi ta ƙananan tsagogi a gaɓoɓin sama da ƙasa, a haɗa su da sanduna, sau da yawa a ƙarfafa kusoshin da simintin. Inda laka ta dannu, wani bincike na 2005 a kan mutum 101 ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sannan gashi sun iya tafiya, a kan kashi 57 na waɗanda aka yi wa gashi kaɗai.

Sauran gaɓoɓin ma suna bukatar kariya, domin gyara ɗaya ba ya hana wata karyewa. Akwai ƙarin ruwa mai suna zoledironik da allura mai suna denosumab, masu rage cin da ake yi wa ƙashi. Kafin a fara su a duba ƙodarta da sinadarin kalsiyam a jininta, a kuma kai ta wurin likitan haƙori, domin cire haƙori bayan an fara su kan bar rauni a muƙamuƙi mai wuyar warkewa.

Na san za a ba ku shawarar kai ta wurin mai ɗori, kuma masu ba da shawarar ƙauna ce ta sa su. Don Allah kada ku yarda. Ja da matsa da tausa mai ƙarfi a ƙashin da ya rarake na iya tura ɓalli cikin laka, mutum ya shiga da ciwon baya ya fito da shanyewar ƙafafu. Kada kuma ku zaɓi kwanciya kawai da fatan zai ɗinke da kansa. Doguwar kwanciya tana kawo gyambo a ƙugu, da daskarewar jini a ƙafa, da ciwon huhu, tana kuma zubar da ƙarfin da ake bukata don jure kemo. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa nake ganin aikin ya cancanci a neme shi da wuri ga wadda ta dace da shi. Mace da za ta iya zama ta ci abinci da hannunta, ta kai kanta banɗaki, ta shiga mota zuwa asibiti, ita ce za ta iya ci gaba da karɓar maganin ciwon nata.

Kafin ranar, ku juya ta kamar gungume, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, mutum biyu suna riƙe. Ta yi sallarta a kwance ko a kishingiɗe yadda ta iya. Ku ba ta maganin ciwo a kan lokaci, kada ku jira sai ta yi kuka, ku ƙara mata wanda aka rubuta don lokacin motsi kamar rabin awa kafin a tashe ta. Idan za ku koma wurin likita ku tafi da faifan hoton kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba, da jerin duk magungunan da take sha, musamman masu tsinka jini, domin akan dakatar da su kwanaki kafin aiki bisa umarninsa. Ku tambaye shi ko bangon bayan gaɓar lafiya yake, wa zai yi aikin, sau nawa ya taɓa yi, da kuma ko akwai likitan tiyatar laka a kusa idan siminti ya yi yoyo. Sannan kowace safiya da kowane dare, har a yi aikin da bayan an yi, ki sa ta ɗaga ƙafafun nan biyu ki gani.